Tagar tunawa a coci: gilashin gaske ko sitika, kuma sunan wa za a rubuta?

Tambaya:

Ni ce shugabar zumuntar mata a wata ƙaramar coci a Kumasi ta ƙasar Ghana, wajen unguwar Asawase. Yawancinmu 'yan Arewacin Ghana ne, Farafara da Kusasi da Dagati da 'yan Nijeriya kaɗan, Hausa ce ke haɗa mu a sujada. Mai bisharar da ya kafa cocin ya rasu bara, ikilisiya ta yanke shawarar a sa tagar gilashi mai launi a bayan bagade don tunawa da shi. Wata takwas muna tara kuɗi. Yanzu kan mutane ya rabu. Wani ya ce zai yi mana da sitika cikin mako guda da kuɗi kaɗan, wani ya ce na gaske sai wata huɗu. Waɗanda suka ba da kuɗi masu yawa suna so a rubuta sunayensu a jiki, iyalin marigayi kuma hotonsa suke so. Ga wani Alhaji mahauci, maƙwabcinmu kuma aminin marigayi, ya kawo gudummawa amma ya ce kada kuɗinsa su shiga hoton mutum. Yaya za mu yi?

Amsa:

Magajiya, sannunku da rashi. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Ni Musulmi ne, sana'ata gilashi. Da luba, wato tagar sirara-siraran gilasai da ake ɗagawa iska ta shigo, da alminiyom na fara, kamar kowane yaron shago a Aboabo, daga baya na zauna ƙarƙashin wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran tagogin tsofaffin majami'un mishan, a hannunsa na koyi aikin dalma. Na yi wa coci aiki, na yi wa masallaci, na kuma ɓata aiki ba sau ɗaya ba. Rabin abin da zan faɗa miki daga ɓarnar nan na samo shi.

Mu sallami mai sitika tukuna. Ba ƙarya ya yi muku ba, mako guda ya ishe shi. Hoto zai buga da kwamfuta a kan leda mai mannewa, irin wadda ake liƙa wa gilashin bayan trotro, motar haya, ya shafe ta a kan farin gilashi. Ranar buɗewa za ta yi kyau, a hoton waya ma sai ta fi ta gaske ƙyalli. Sai dai launinta tawada ce, rana kuwa cin tawada take yi. Ki dubi manyan fostocin jana'iza da ake kafawa a bakin titi a garin nan: bayan 'yan watanni ja ya gudu, rawaya ta bi shi, fuskar mamacin ta koma shuɗi-shuɗi. Haka tagarku za ta yi, sannan gefen ledar ya fara ɗagowa, yara su sami abin ɓantara. Akwai ƙanwar sitika da ta fi ta yaudara, wato gilashi falle ɗaya da aka shafa wa fentin gwangwani, aka manna masa siririn zaren dalma a fuska don ya yi kama da haɗaɗɗe. Wannan ma fentin ɓarewa yake yi. In ado kuke so na bikin Kirsimeti, ba laifi. Amma kun ce tunawa, kuma araha ba ta ado.

Na gaske launinsa a cikin jikinsa yake. Tun gilashin yana narke a tukunya ake zuba masa ƙarfen da zai rina shi: kobal ya ba da shuɗi, manganis ya ba da shunayya, baƙin ƙarfe ya ba da kore ko ruwan ƙasa, jan ƙarfe ya ba da kore ko ja gwargwadon yadda aka sarrafa wutar. Akwai wani ja mai ruwan hoda da ake yi da zinariya, shi ya sa ya fi kowane tsada. Kin taɓa ganin kwalbar lemo mai launin kore da aka tono daga tsohuwar bola? Ta yi shekara talatin a ƙasa, koriyarta tana nan. To haka ne. A babbar majami'ar Augsburg ta Jamus akwai tagogi masu hotunan annabawa da suka kai wajen shekara 900 a bangonsu, launinsu bai tafi ba.

Ga inda wata huɗun suke tafiya. Za a zana tagar a takarda daidai girmanta, a fitar da layin kowane yanki. A yanka gilashi gutsure-gutsure a kan zanen, taga matsakaiciya tana iya cin guda ɗari biyu ko uku, kowanne da hannu. Inda ake son fuska ko ninkin riga ko rubutu, sai a zana da wani baƙin fenti wanda shi kansa garin gilashi ne da tsatsar ƙarfe, a sa a tanderu a wuta wajen digiri 650 har ya narke ya zama jiki ɗaya da gilashin. Fuska ɗaya takan shiga wuta sau biyu ko uku. Rawayar da kike gani a gashi ko rawanin haske kuwa maganin azurfa ne ake shafawa a bayan gilashi a gasa, dabarar da ta shigo tagogin Turai a farkon ƙarni na 14. Daga nan a jera gutsattsarin cikin sandunan dalma masu kwari hagu da dama, in an yanka su a duba bakin kamar harafin H, a like kowace mahaɗa gaba da baya da narkakkiyar dalma da kuza, irin likin masu gyaran rediyo. A ƙarshe a cusa kwaɓin alli da mai a ƙarƙashin leɓen dalmar don kada ruwa ya shiga, a bar shi ya sha iska ya yi tauri. Ba matakin da ake tsallakewa a ciki.

Ƙari a kan haka, fallen gilashin daga waje yake zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Masana'antar gilashi ta Aboso, wadda aka gina zamanin Nkrumah, ta daɗe a rufe. Muna da gwanayen narka kwalba, masu duwatsun wuya na Krobo da na ƙauyukan Asante irin su Dabaa, kamar yadda Nufawa ke da Masaga a Bida, amma dutsen wuya daban, fallen taga daban. Don haka farashin yana bin dala, kuma duk wanda ya yanke miki kuɗi bai ga bangon ba, bai ga zane ba, faɗa kawai ya yi. Abu uku ke hawar da kuɗi: faɗin tagar, yawan gutsattsarin, da yawan abin da za a zana a gasa. Fuska ɗaya tana iya cin kuɗin da zai yi rabin taga ta zanen kusurwoyi.

Mai cewa wata huɗu ma kada ku ɗauke shi a kan maganarsa. Ku je shagonsa ku ga tanderu da idonku. Ki shafa aikinsa ciki da waje, in na gaske ne za ki ji tudun dalma ta kowace fuska, ki kuma ga kowane launi gutsurensa daban. Ki ce ya kai ku wurin aikin da ya yi shekara biyar ko fiye, ba na bara ba. Kuɗi kuma kashi uku: na zane, na sayen kaya, sauran sai taga ta hau bango an yi ruwa a kanta. In kuna da ranar cikar shekara da kuke son buɗewa, gara a ɗaga ranar da a matsa wa mai aiki, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, wanda a wurina ya fi duk sauran nauyi: ina tagar za ta zauna, kuma me za ta toshe?

Wannan sana'a a ƙasar sanyi aka haife ta, inda ake son rufe iska a bar haske. Mu akasin haka muke nema. Tsoffin majami'un mishan, irin Holy Trinity ta Ankara, babban birnin Ghana, da aka gama a 1894, fasalin Ingila aka ɗauko aka dasa, da kaurin bango da tsawon rufi. Cocinku na san irinta: bulo, kwano, luba hagu da dama, fanka uku, wuta kuma sai ranar da ta ga dama. Kowace luba da kuka cire kuka sa rufaffen gilashi, kun rage wa jama'a numfashi. Na san cocin da ta sa tagogi shida masu kyau a gefe da gefe, watan Maris na zuwa tsofaffi suka koma zama a bakin ƙofa, aka dawo ana neman kuɗin na'urar sanyaya ɗaki. Mafita ita ce gilashin launi ya zauna a sama, a bar luba a ƙasa daidai kafaɗar mai zama, ko a yi firam ɗin da wani sashe nasa yake buɗewa.

Sai rana. Littattafan sana'ar nan sukan ce a sa shuɗi a bangon arewa, ja da rawaya a bangon kudu, don a Turai rana ta kudu take bi kullum. Kumasi ba ta kai digiri 7 daga tsakiyar duniya ba. Daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba rana ta arewa da mu take ratsawa, sauran watanni ta kudu, kuma da tsakar rana kusan a tsakar ka take. Ke nan bangon arewa da na kudu haske mai laushi suke samu mafi yawan lokaci, sai dai in bakin kwano ya zazzago ya yi wa saman tagar inuwa. Gabas da yamma su ke shan duka. Kun ce bayan bagade. In bangon nan gabas yake kallo, kuma ƙarfe takwas kuke fara sujada, to rana za ta shigo kai tsaye cikin idon jama'a, mai wa'azi ya zama baƙar inuwa ba a ganin fuskarsa. Ba ya hana a yi, amma sai an zaɓi launuka masu duhu, a rage fari, a kuma ɗaga tagar sama da kan mai tsayuwa. Kada ki manta kuma manyan hadarurrukan farkon damina daga gabas suke tasowa da iskarsu, wannan bangon ne zai tare su.

Ga ɓarnar da na yi. Aikina na farko ni kaɗai, taga ce mai kallon yamma. Don tsoron ƙwallon yara da duwatsu, na sa mata farin gilashi ta waje, na like shi ruf da silikon, ko iska ba ta shiga. Ina ganin na yi gwaninta. Ashe tanda na gina. Zafin rana ba ya narka dalma, sai wuta ta kai digiri 327 take narkewa, amma kullum tana miƙewa da rana tana komawa da dare, kuma ba ta komawa daidai inda ta taso. Ga gumi yana taruwa a tsakani ba hanyar fita. Kafin shekara huɗu cikin tagar ya turo kamar na mai juna biyu, gilashi uku suka tsage, ƙasan ya yi gansakuka. Da kuɗina na sauke ta na sake. Tun daga ranar, gilashin kariya sai na bar masa tazara kamar yatsu biyu, da kafar iska sama da ƙasa, da 'yar raga don ƙwari da zanzaro. Kada ku yarda da robar nan mai kama da gilashi, rana tana mayar da ita rawaya ta dushe. Mai ɓawo biyu irin na gaban mota ya fi, in kuɗi bai kai ba ragar waya ma ta isa.

Nauyi ma abin lura ne. Gilashi mai kaurin milimita 3 kaɗai kilo 7.5 ne a kowace murabba'in mita, ba a sa dalma ba. Dalma kuwa ba ta iya riƙe kanta a tsaye. Dole a raba babbar taga gida-gida, a gitta sanduna kowace ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a ɗaure ta a jikinsu da wayar jan ƙarfe. Maƙeran Suame za su yi muku firam mai kyau, amma ku ce ƙarfen da ba ya tsatsa kuke so, ko a yi masa fenti sosai kafin ya shiga bango. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa siminti ya fasa gilashi. Mutanen Ankara na bakin teku sun fi mu shan wannan wahalar saboda gishirin iska.

Mu zo ga hoton marigayi. Shawarata kada ku sa, kuma ba don ni Musulmi ba ne na faɗa. Fuskar mutumin da kowa ya sani ita ce abu mafi wuya a sana'ar nan. Annabi ko manzo, yadda mai zane ya zana shi haka yake, ba mai gardama. Amma wanda matarsa take zaune a layi na biyu, in hanci ya karkace kaɗan, shekara hamsin za a yi ana cewa ba shi ba ne. Baƙar fata kuma tana da nata sirrin a gilashi: in an ɗauki mai duhu, haske na bugowa ta baya sai fuskar ta zama dunƙulen baƙi, in an ɗauki mai haske, rana ta wanke ta ya koma Bature. Sai wanda ya ƙware wajen zaɓen ruwan zuma da jera inuwa sannu-sannu, irinsu kuwa ba su da yawa. Akwai kuma maganar wuri: bayan bagade inda jama'a ke fuskanta suna addu'a, ku tambayi dattawan ikilisiya da shugabannin ɗariƙarku ko sun yarda fuskar ɗan Adam ta zauna a nan. Katolika da Angilikan sun saba da hotuna a taga, wasu ɗariƙu kuwa tun asali ba su sake da su ba. A Ingila kanta a 1643 da 1644 an bi majami'u ana farfasa irin waɗannan tagogi da sunan gyaran addini.

Hoton waya mai kyau a firam, a rataye a ofis ko bakin ƙofa, ya biya wa iyali buƙata. Tagar kuma ta faɗi abin da mutumin ya yi. In mai karɓar baƙi ne, wanda duk ɗan Arewa da ya sauka a tashar motar Kejetia ba shi da kowa ake nuna masa gidansa, to a yi buɗaɗɗiyar ƙofa da fitila, ko ƙwarya, ko makiyayi da tumaki. Ku kuwa kuna da arzikin da ba ku lura da shi ba. Zanen da matan ƙauyen Sirigu na Arewa ke yi a bangon gidajensu, da adon da mata suka yi wa cocin ƙasa ta Navrongo wadda aka gina a 1920, da ratsin rigar fugu, yawancinsu kusurwoyi ne da miƙaƙƙun layuka, ja da baƙi da fari. Ba abin da dalma take so kamar miƙaƙƙen layi. Ya fi sauƙin yanka, ya fi araha, kuma duk wanda ya shigo zai san mutanen ina ne suka yi tagar nan.

Rubutu kuwa ki tsaya a kansa da kanki. Haske yana cin siririn layi, don haka haruffa su zama manya, farare a kan baƙi, kalmomi kaɗan: sunansa, shekarar haihuwa da ta rasuwa, da aya guntuwa in kuna so, irin farkon Zabura ta 23. Mai zanen wataƙila ba ya jin Hausa, bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, zai ɗauka tawada ce ta zame ya gyara muku. Sai “mai karɓar baƙi” ya koma “mai karbar baki”. Abin da ya shiga tanderu kuwa ba ya gogewa. Mutum uku su karanta zanen takardar, su sa hannu, kafin a kunna wuta.

To, sunayen masu bayarwa. Su sani ba su ne farkon masu wannan sha'awa ba. A majami'ar Chartres ta Faransa, mai tagogi sama da 170 yawancinsu na ƙarni na 13, in kin duba ƙasan tagogi da yawa za ki ga masu burodi da kwandunansu, masu takalma, magina, mahauta da sa a gabansu. Amma ki lura, sana'a aka zana, jama'a ce ta tsaya a wurin ba mutum ɗaya ba. A ɗaya gefen kuma ga babbar majami'ar Yamusukro ta Kodebuwa da aka keɓe a 1990, mai gilashin launi sama da murabba'in mita 7,000, inda aka zana shugaba Houphouët-Boigny durƙushe a gaban Yesu a ɗaya daga cikin tagogin. Har yau baƙi suna zuwa suna neman fuskarsa, wasu da sha'awa wasu da murmushi. Suna ko fuska a taga kuma yakan zama kaya daga baya: babbar majami'ar Washington ta cire tagogin da aka sa a 1953 don tunawa da janar-janar biyu na ɓangaren masu riƙe bayi a yaƙin basasar Amurka, a 2017 aka sauke su, sai 2023 aka sa sababbi.

Labarin da na fi so in ba kwamitinku shi ne na Birmingham ta jihar Alabama. Ranar 15 ga Satumba 1963 masu ƙin baƙar fata suka sa bam a wata cocin Baftis, 'yan mata huɗu suka mutu, tagogi suka tarwatse. Wani mai aikin gilashi a yankin Wales na Birtaniya, John Petts, ya ce zai yi musu sabuwa. Da aka buɗe asusu sai aka ƙayyade cewa ba wanda zai ba da fiye da sule biyu da sisi, don kada wani mai kuɗi ya biya shi kaɗai, tagar ta zama ta mutanen ƙasar duka. Yara suka yi layi da kuɗin kashewarsu. A 1965 aka sa ta, da hoton Almasihu baƙar fata, kuma abin da aka rubuta a ƙasa kyauta ce daga mutanen Wales.

Ku kun riga kun tara, ba za a mayar wa kowa ba. Amma a gilashi a rubuta layi ɗaya: “Daga ikilisiya da abokan arziki”, da shekara. Sunaye su shiga littafi mai bango mai ƙarfi, a jera su bisa haruffa ba bisa yawan kuɗi ba, yarinyar da ke dako a kasuwa ta kawo sidi biyar ta zauna layi ɗaya da mai tireloli. A karanta su ranar keɓewa. In wani ya ƙi, ki tuna masa gwauruwar nan mai anini biyu, da maganar kada hagu ta san abin da dama ta bayar. Wannan ta biyun muna da irinta a hadisi, don haka Alhaji ma ba zai ji ta baƙuwa ba. In duk da haka sai an ga suna, to allon tagulla a jikin bango, wanda kusoshi huɗu ke riƙe da shi. Ba don komai ba, kullum akan manta da mutum ɗaya, kuma allo ana sake shi, gilashi sai an sauke.

Alhaji kuwa nasa mai sauƙi ne. Hukunci ba nawa ba ne, yana da malaminsa. Amma ta fuskar aiki, taga ba abu ɗaya ba ce: akwai firam, akwai gilashin kariya, akwai ladan magini, akwai zanen gefe. A ware kuɗinsa a rubuce a kan firam da kariya, a nuna masa rasit. In kun bi shawarar zanen Sirigu ma, maganar ta mutu da kanta. Gilashin launi ba na coci kaɗai ba ne. Gidajen birnin San'a na Yaman suna da tagogin da suke kira ƙamariyya, gilashi a cikin farar ƙasa, tsofaffin masallatan Alƙahira da Istanbul suna da irinsu, masallacin Nasirul Mulk na Shiraz da aka gama a 1888 kuwa saboda tagoginsa duniya ta san shi. Zumuncinsa da marigayi ma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, inda Babban Limami Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya je cocin Christ the King a Ankara a lokacin Ista na 2019, yana cika shekara ɗari. Ku gayyace shi buɗewa, ku ba shi kujera a gaba in ya yarda ya shigo, in bai yarda ba ku kai masa gaisuwa har rumfarsa.

Saura abu biyu na takarda. Filin cocin naku ne, da takardar haya a hannu? Filayen Kumasi yawanci na sarauta ne, kuma na ga ikilisiyoyi sun tashi sun bar gini. A ɗaura tagar da sukurori yadda za a iya kwance ta gida-gida, kada a binne bakinta a siminti. Sannan a rubuta cewa ta zama mallakar coci, ba ta iyali ba, ba ta kwamiti ba, da sunan muƙamin da zai riƙa kula da ita.

Kulawar ba ta da yawa, amma sai an san ta. Bayan hunturu a kaɗe ƙura da buroshi mai laushi, a goge da tsumma mai ɗan danshi da ruwa zalla. Ban da omo, ban da ruwan tsami, ban da maganin fesa na goge gilashi, ban da soson ƙarfe, musamman ta ciki inda zanen yake. Wanda ya taɓa dalma ya wanke hannu kafin ya ci abinci, yara da masu ciki kuma su nisanci wurin ranar da ake aiki. Ku karɓi zanen takardar daga mai aiki, da guntun kowane launi, ku ajiye tare da littafin sunaye, don ranar da ƙwallo ta fasa guda ɗaya ba za a sami irinsa a kasuwa ba. Dalma mai kyau tana kai wajen shekara ɗari kafin a sake ta, kwaɓin da firam kuwa suna son dubawa duk 'yan shekaru. Ku ware ushirin abin da kuka tara don wannan, kada kuma ku bar shi kwance a akwati. Waɗanda suka ga 2007, da sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya, sun san dalili.

Kafin ku ba kowa ko pesewa, ga gwajin da ba ya cin kuɗi. Ku sami farar leda mai kauri ku rufe tagar nan ruf, daidai yadda gilashin zai rufe ta, ku yi sujada Lahadi biyu a haka. Ki zauna a layin baya ranar farko, a layin gaba rana ta biyu. Ki duba ko kina ganin fuskar mai wa'azi, ki ƙirga masu fifita da takardar waƙa. Ki rubuta ƙarfe nawa rana ta shigo da ƙarfe nawa ta fita, ki haɗa da awon tagar da inda bangon yake kallo, shi za ki fara miƙa wa mai wata huɗu in kun je shagonsa.